Shin man ƙamshin tsirrai yana kashe ƙwayar murar hunturu?

Hajiya Rabi, Gusau:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Tun shigowar hunturu gidana ya koma tamkar asibiti, wannan ya tashi wancan ya kwanta, kuma murar bana ba irin wadda muka saba da ita ba ce, domin tana zuwa ne da zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi, har ta kwantar da maigida kwana biyar, mutumin da ban taɓa ganin mura ta hana shi fita sallar asuba ba. Jiya wata ƙawata ta kawo mini 'yan kwalabe guda uku, kowacce ba ta kai tsawon babban yatsa ba: man kanumfari, man bishiyar turare, da wani da aka rubuta masa man bishiyar shayi. Ta ce masana sun gwada sun tabbatar cewa suna kashe ƙwayar mura, in riƙa ɗiga su a ruwan zafi ana surace, in kuma sa ɗigo biyu a shayin jikokina. Ban buɗe ko ɗaya ba tukuna, na ga ya dace in fara jin ta bakin masu ilimin cikinku.

Alhaji Sule mai turare, Kano:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya ya sa kaffara ne. Shekarata talatin da 'yan kai ina sayar da turare da mayuka a Kasuwar Kurmi, kuma tun kafin waɗannan kwalabe su zo daga ƙasashen waje iyayenmu suke jefa kanumfari da citta da masoro a shayi, suke tafasa ganyen turare a lulluɓe mai mura da bargo ya yi gumi ya tashi garau. Idan yau Bature ya shiga ɗakin gwaji ya gano abin da kakata ta sani, ban ga dalilin da zai sa mu tsaya wasu-wasi ba. Jiki magayi ne, wanda ya shaƙa ya ji hancinsa ya buɗe ba ya bukatar takardar shaida.

Dakta Halima, Zariya:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, maganarku tana da tushe, sai dai akwai abubuwa biyu da aka cakuɗa waɗanda ya kamata mu raba. Na farko, ba kowace mura ce ake nufi ba. Murar majina da atishawa da ke wucewa cikin kwanaki, ƙwayoyin bairos iri-iri ne ke kawo ta. Wadda Hajiya ta siffanta kuwa ta yi kama da infuluwenza, wadda dattawa ke kira marisuwa, ita ce ta shigo ta tashar jiragen ruwa ta Legas a watan Satumban 1918 ta biyo layin dogo zuwa Arewa, kuma har yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a kowace shekara ta hanyar cututtukan numfashi. Na biyu, abin da ke cikin waɗannan kwalabe ba shayin kanumfari ba ne, ba kuma mai irin na gyaɗa ko riɗi da ake matsewa ba. Ana tura tururi ta cikin ganye ko furen tsiro, tururin ya kwaso sinadaran ƙamshi, a sanyaya shi, sannan a yaɗe man da ya taso saman ruwa. Sai an tara kimanin kilo hamsin zuwa ɗari na ganyen turare kafin a sami kilo ɗaya, don haka ɗigo guda ya ninka abin da kaka take tafasawa a tukunya ƙarfi nesa ba kusa ba.

Binciken da ƙawar Hajiya ta ambata kuwa gaskiya ne an yi shi, kuma ina koyar da shi. A Jami'ar Kataniya ta Italiya, a 2009 da 2011, an gwada man bishiyar Melaleuka ta Ostareliya, wanda ake sayarwa da sunan man bishiyar shayi alhali ba shi da dangantaka da ganyen shayin da muke sha, a kan bairos nau'in H1N1. An ga ya rage hayayyafarta idan an zuba shi cikin awa biyu na farko bayan kamuwa. Yadda abin yake shi ne, idan bairos ta shiga ƙwayar halitta, wata 'yar jaka ce take haɗiye ta, kuma sai ruwan cikin jakar ya yi tsami kafin bairos ta iya tuɓe rigarta ta saki kayan gadonta. Man ya hana wannan tsami, sai ta maƙale a ciki. A Japan a 2007 an gwada sinadarin da ke ba kirfa ƙamshinta, aka ga ɓerayen da suka shaƙe shi sun fi 'yan uwansu tsira daga cutar. A Kanada a 2014 an rufe busasshiyar bairos a ƙaramin bututu tare da tururin man turare da na wani nau'in lemo, cikin minti goma ƙarfinta ya karye. A Sin kuma a 2016 an ga siniyol, babban sinadarin man turare, ya rage kumburin huhu a jikin ɓeraye masu infuluwenza.

To amma ku lura da inda aka yi kowane ɗaya: faranti, bututu, ɓera. Ƙwayoyin halittar da aka fi shuka bairos ɗin mura a kansu ma ba na mutum ba ne, na ƙodar wata karya ne da aka ciro tun 1958 ake ta rainonsu har yau. A faranti mai yana kwance a kan ƙwayoyin awa da awanni, babu jini da zai kwashe shi, babu hanta da za ta sarrafa shi, babu majina da za ta tare shi.

Usman, ɗalibi a Sakkwato:
Malama, ina neman ƙarin haske. Idan har tururin man ya karya bairos cikin minti goma a bututu, me zai hana ya yi haka a hancin mai surace, tunda shi ma a rufe yake cikin bargo kuma yakan kai minti goman?

Dakta Halima, Zariya:
Tambayarka ta yi ma'ana, Usman. Bairos ɗin infuluwenza tana sanye da riga ta maiƙo, kuma duk abin da ke narkar da maiƙo yana iya yaga rigar, shi ya sa sabulu da sinadarin goge hannu suke lalata ta, amma babu wanda ya taɓa cewa a sha ruwan sabulu don maganin mura. A bututu bairos tana fili ne, ba ta da mafaka, kuma iskar ciki ta cika maƙil da man. A jikin mutum kuwa, kafin ya ji zazzaɓi ta riga ta yi kwana ɗaya zuwa huɗu tana hayayyafa a cikin ƙwayoyin halittar hanci da maƙogwaro, wani lokaci har huhu, inda ƙamshin da ke wucewa tare da numfashi ba ya zama balle ya taru. Idan ka ce za ka ƙara yawan man har ya kai na bututu, to fatar cikin hanyar numfashi ita ma da maiƙo aka gina ta, za ta ƙone kafin bairos ta ji a jikinta. Wannan tazara tsakanin adadin da ke illata cuta da adadin da ke illata mai cutar ita ce ma'aunin kowane magani, kuma a yawancin waɗannan mayuka tazarar ƙanƙanuwa ce.

Sista Jummai, Kaduna:
Hajiya Rabi, don Allah kafin a ci gaba da muhawara, kada ki sa ko ɗigo ɗaya a shayin yaran nan. Ina aiki a ɗakin kwanciyar yara, kuma hunturun bara an kawo mana wani yaro ɗan shekara biyu da rabi da tsakar dare, idanunsa sun kakkafe, jikinsa na jijjiga, numfashinsa sai ƙamshin man turare. Uwar ta ce rabin ƙaramin cokali kawai ta ba shi a ruwan ɗumi saboda tari, tana kuka tana nuna mana kwalbar da ta ƙulle a gefen zanenta. Allah ya sa da sauran kwanansa, ya farfaɗo bayan kwana biyu, amma ban manta yadda ta riƙa maimaita cewa ai na ganye ne ba. Man turare da kafur duka suna sa yaro jijjiga idan ya haɗiye su, man kanumfari yana iya lalata masa hanta, man Melaleuka kuma yana gusar da hankali.

Surace ma yana da nasa. Kowane sanyi sai mun wanke ƙunar yaran da suka shure tukunyar ruwan zafi a ƙarƙashin bargo, cinyoyi da ciki duk sun saɓule, garin neman gira an rasa ido. Ƙaramin yaro ba a yi masa surace, kuma ɗan ƙasa da shekara biyu ko man zafi ba a shafa masa a hanci ko ƙirji.

Alhaji Sule mai turare, Kano:
Subhanallahi, Allah ya kiyaye. Wannan kam ban taɓa ce wa kowa ya ɗura wa yaro ba, kuma daga yau duk wadda ta saya a wurina sai na ja mata kunne. Amma Dakta, 'yata, har yanzu ba ki amsa mini ba. Ni da kaina idan mura ta toshe ni na shaƙi mai na'a-na'a, nan take nake jin iska tana ratsawa. Ƙarya hancina yake yi mini?

Dakta Halima, Zariya:
Baba, ba ƙarya ba ne, amma akwai ɗan wayo a ciki. Sinadarin mentol da ke cikin na'a-na'a yana taɓa jijiyoyin da ke jin sanyi a cikin hanci, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka iska mai yawa ce take shiga. A cibiyar binciken mura ta Jami'ar Kadif a Birtaniya an auna yawan iskar da ke ratsa hanci kafin shaƙar mentol da bayanta, aka ga bai canja ba, duk da mutanen sun ce sun ji sauƙi. Ni ban raina wannan sauƙi ba, domin wanda ya samu ya yi barci ya fi wanda ya kwana yana juyi, ni ma ina shaƙa idan ta kama ni. Abin da na ƙi shi ne a kira shi kashe bairos.

Auwalu, mai haɗa magunguna, Katsina:
Ina so in tsaya wa Alhaji a wani ɓangare, domin kada a fahimci cewa masu ilimin zamani sun raina tsirrai. Maganin infuluwenza da ya fi shahara a duniya, oseltamibir wanda ake sayarwa da sunan Tamiflu tun 1999, an daɗe ana fara haɗa shi daga wani sinadari da ake cirowa a cikin wani ɗan itace mai siffar tauraro da ake nomawa a kudancin Sin da Biyetnam, wanda can kayan ƙamshin girki ne. Amma sai an bi matakai da dama a masana'anta ana sauya wannan sinadari kafin ya zama magani, kuma shi sinadarin ba ya ma biyo tururi ya shiga man ƙamshin ɗan itacen, don haka mai shan man bai sha Tamiflu ba. Haka tazargade: daga wani nau'insa Tu Youyou da abokan aikinta suka fitar da atimisinin a 1972, aka gwada a jikin mutane, aka tsayar da adadi, yau shi ne ƙashin bayan maganin zazzaɓin cizon sauro, har aka ba ta kyautar Nobel a 2015.

A cikin mayukan da ake magana, siniyol ne ya fi yin nisa a wannan tafiya, domin a Jamus ana sayar da shi a ƙwanso mai ƙayyadadden awo don majinar ƙirji da toshewar kogunan hanci, kuma an gwada shi a jikin mutane a kan waɗannan matsaloli. Ko shi ɗin ba a ba shi lasisin maganin bairos ba. Magungunan da manyan hukumomin magunguna suka amince da su a yau a kan infuluwenza sun haɗa da oseltamibir, zanamibir, feramibir da baloksabir wanda ya fito a 2018, kuma babu man ƙamshi ko ɗaya a jerin. Akwai dalili mai ƙarfi da ya sa ake ci gaba da lalube a cikin tsirrai, wato bairos tana saurin bijire wa magani: tsohon maganin amantadin an daina ba da shi don infuluwenza a Amurka tun 2006 saboda ya daina aiki, kuma a sanyin 2007 zuwa 2008 wani nau'in H1N1 da ba ya jin oseltamibir ya bazu a ƙasashe da yawa.

Hajiya Rabi, Gusau:
Malam Auwalu, ɗaya daga cikin kwalaben tana da lambar NAFDAC. Wannan ba ya nufin an tabbatar da aikinta?

Auwalu, mai haɗa magunguna, Katsina:
Hajiya, ki duba ƙarshen lambar. Idan akwai harafin L, to rajistar kayan gargajiya ce, wadda ke nuna an duba cewa ba su da guba idan an yi amfani da su yadda aka rubuta, kuma a jikin irin waɗannan kaya akan rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Mutane kaɗan ne suke karanta wannan layi. Ba mu kaɗai muke fama da wannan ba, domin a watan Satumban 2014 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta aika wa kamfanonin Young Living da doTERRA takardun gargaɗi saboda dillalansu suna tallar mayukan a matsayin maganin cututtuka, ciki har da Ebola. Wani abin kuma da nake so iyaye su sani: akwai mayukan shafawa masu sinadarin wintagirin, wanda ɗan uwan asfirin ne, ƙaramin cokali ɗaya na tsantsarsa ya kai ƙarfin ƙwayar asfirin fiye da ashirin, alhali yaro mai infuluwenza ko asfirin ɗin kansa ba a ba shi, saboda yana iya jawo wata cuta mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta.

Malam Mamman, Damagaram:
Jama'a, ku yi mini afuwa in karkata zuwa ga kaji, domin mu a nan da zarar an ce infuluwenza, abin da ke faɗo mana shi ne 2006, lokacin da aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye ta H5N1 a Jaji ta jihar Kaduna cikin watan Fabrairu, kafin watan ya ƙare aka tabbatar da ita a Magarya. Ina da 'yan kaji ɗari uku, kuma wani dillali ya kawo mini haɗin man na'a-na'a da na turare wai in riƙa sa musu a ruwan sha yana hana murar tsuntsaye. Ina neman shawarar Dakta.

Dakta Halima, Zariya:
Malam Mamman, irin wannan haɗi masu kiwo suna amfani da shi don sassauta wa kaji numfashi lokacin ƙura, amma ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza: H5N1 tana iya share garke cikin kwana biyu ko uku. A Iran a 2016 an gwada man wani ɗan uwan na'a-na'a a kan murar tsuntsaye nau'in H9N2, wadda ta fi sauƙi, kuma can ma a faranti ne. Abin da ke tsare garke shi ne hana baƙi da dillalai shiga ɗakin kaji, tsoma takalma a ruwan magani a bakin ƙofa, ware sababbin kaji, da toshe hanyar tsuntsayen daji. Idan ka wayi gari ka ga suna mutuwa da yawa, tukkunsu ya yi shuɗi, kada ka yanka kada ka sayar, ka sanar da jami'an kiwon dabbobi, domin cutar tana kama mutum, kuma ta kashe wata mata a Legas a farkon 2007.

Alhaji Sule mai turare, Kano:
Na ji bayanai, kuma na karɓi abin da ya shafi yara da kaji. Amma ina nan a kan bakana game da abu ɗaya. Kun ce ba a ba man lasisi ba saboda ba a kai shi matakin gwajin mutane yadda ya kamata ba, to laifin wa? Kamfani ba zai zuba kuɗinsa a kan kanumfari ba, tunda ba zai iya hana ni sayar da shi ba. Muna da jami'o'i, muna da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Abuja wadda ta taɓa fitar da maganin sikila daga tsirranmu, kuma kanumfari da masoro suna cikin haɗin. Me ya hana a ɗauki ɗoɗɗoya da tsauri da kimba a gwada su haka nan?

Dakta Halima, Zariya:
Baba, a nan ba ni da ja, kun taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Gwajin bairos yana bukatar wutar da ba ta ɗaukewa, da firjin da ke riƙe sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, da na'urar da ke rarrabe sinadaran mai. Na taɓa rasa aikin wata shida a dare ɗaya saboda janareta ya tsaya ranar Juma'a, ban sani ba sai Litinin da na buɗe firji na tarar da kwalabe suna iyo a ruwa. Akwai kuma matsalar da ta shafi sana'arku kai tsaye: ganye ɗaya idan an tsinke shi da damina da kuma rani, ko a Jos da kuma Nguru, sinadaran man sukan bambanta sosai, ga algus da ake yi da man gyaɗa ko turaren roba. Duk gwajin da ba a fara da sanin abin da ke cikin kwalba ba, sakamakonsa na wannan kwalbar ne kaɗai. Idan za ku ba ni samfuri daga dillalai daban-daban tare da bayanin inda kowanne ya fito, ina da ɗaliba da ke neman abin da za ta yi nazari a kai.

Alhaji Sule mai turare, Kano:
Wannan mai sauƙi ne, zan haɗa miki na kanumfari kala biyar. Algus kuwa mu ma muna da ma'auninmu: a ɗiga a farar takarda a bari zuwa la'asar, na gaskiya yakan tashi, wanda aka sirka da man gyaɗa sai ya bar tabon maiƙo.

Hajiya Rabi, Gusau:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na ɗora kwalaben a saman kwaba inda hannun yara ba ya kaiwa, kuma zan kira ƙawata, domin ita ma tana da 'yan tagwaye. Sista Jummai, saura tambaya ɗaya: maigida zazzaɓin ya sauka shekaranjiya, amma daren jiya ya dawo, yana tari mai kauri, kuma ya ce gefen ƙirjinsa yana sukarsa idan ya ja numfashi. Shekarunsa sittin da takwas, yana da ciwon suga.

Sista Jummai, Kaduna:
Hajiya, zazzaɓin da ya tafi ya dawo tare da sukar ƙirji alama ce ta limoniya, wadda takan biyo bayan infuluwenza, kuma shekarunsa da ciwon sugan sun sa shi cikin waɗanda ba a jira da su. Ki kai shi asibiti yau, kada a bari sai gobe, a auna iskar jininsa a saurari huhunsa. Ki tafi da magungunan sugansa, ki kuma faɗa wa likita ranar da zazzaɓin farko ya fara.

Hajiya Rabi, Gusau:
To, Sista. Na aika a kira babban ɗana ya kawo mota, yanzu za mu fita.